Ranar da Na Fassara wa Kumandan Asirina

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har sunayen wasu jikokina sai na yi ta laluɓe kafin in kama, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban surukina da dattawan garinsu na tona wa kaina asiri cikin harsuna biyu ba. Abin dariyar shi ne, rabin abin da ya faru ranar ban san an yi shi ba. Mutanen garin ne suka taimaka suka riƙe mini, kuma shekara da shekaru ba su gaji da tuna mini ba.

Zamanin Nasara ne, wajen ƙarshen mulkinsu. Ina aikin tafinta a biro, wato ofishin Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, a Dogon Dutsi. Kumandan ya yi magana da Faransanci in mayar da ita Hausa, talaka ya yi da Hausa in mayar da ita Faransanci. Wanda na gada a kujerar an sallame shi ne saboda yana yi wa magana kwaskwarima a hanya, don haka tun ranar da na fara aka ja mini kunne: tafinta ba shi da ciki, abin da ya shiga kunnensa shi zai fita ta bakinsa, ba ragi ba ƙari. Na riƙe wannan doka har ta zama mini jiki. Ko zagi aka yi, ina mayar da shi yadda yake, in ya so masu shi su san yadda za su ƙare.

Ina kuma da agogon hannu, wanda na saya wajen wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi. A lokacin masu agogo a garin ba su da yawa. Kullum hannun rigata a naɗe yake, ko sanyi ake yi, kuma ba a taɓa tambayata lokaci na ƙi faɗa ba (gaskiya ma ko ba a tambaya ba ina faɗa). Mutane suna ce mini Mushe, wato yadda bakinmu yake faɗin Monsieur na Faransawa, ni kuwa ina amsawa da dukkan ƙirjina.

Matata Kulu 'yar wani ƙauye ce gaba da Matankari. A kasuwar Matankari na fara ganinta tana ciniki da wani mai gishiri, ta hana shi sakat, na tsaya kallo har na manta abin da ya kai ni. Na so ta, ta so ni, aka ɗaura aure. Komai ya tafi daidai sai abu ɗaya, wanda yanzu tsufa ya ba ni izinin kiran sunansa: ina da abin da ake kira saurin kawowa. Kafin a ce an fara, ni na gama.

Da ni kaɗai ne a duniya, mai yiwuwa da ban san matsala ba ce. Amma duk ranar Juma'a ina zuwa aski rumfar Bawa wanzami, inda samari da sababbin magidanta suke taruwa, kuma ba su da wata hira sai wannan. Wani mai jakai ya rantse cewa shi daga bayan lisha sai zakara ya yi cara. Wani ya ce ai wannan rago ne. Ni ina zaune an jiƙa mini kai, ina dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Ban taɓa tunanin cewa su ba su da agogo, baki kawai suke da shi ba. Ni kuwa ina da agogo, yana rataye jikin ƙusa dab da gado, ga fitila. Sai na shiga awon abin da tun kakanninmu ba wanda ya taɓa aunawa.

Abin da agogon yake gaya mini ba ya yi mini daɗi. Da na duba shi sai kunya ta rufe ni, in juya fuskata bango in yi kamar barci ya ɗauke ni, ko in fita waje in ce zan duba ɗaurin doki. Ban taɓa ce wa Kulu uffan ba. Mutumin da yake ci da baki, yake isar da maganar kowa ga kowa, ya kasa isar da tasa ga matar da ke kwance kusa da shi. Tsoro nake ji, in faɗa ƙarara. Ina tsoron ranar da za ta gane cewa ta auri ragowar maza, ta tattara ƙwaryarta ta koma gidan ubanta.

Wata Juma'a na yi jinkiri da gangan har rumfar ta watse. Bawa yana wasa aska a tafin hannunsa, na gyara murya na ce wani abokina ne yake da wata 'yar damuwa, na kwatanta masa.

Bawa bai ɗago ba. Ya ce, "Abokin nan naka, Mushe, ko shi ma agogo garai?"

Ya gama askin tsaf, ya goge mini kai, sannan ya buɗe zabirarsa ya ciro wani ƙullin tsumma mai gari ruwan ƙasa. Ya ce, "Ka hwaɗa mai, yatsa biyu za ya ɗiba, abin da sunka kama kaɗai, shi zuba cikin kunu da marece. In ya sha yau, shi huta kwana biyu. Akwai ɗiyan zakami ciki, kaɗan na sa, amma zakami ba a yi mai gardama." Kowa ya san zakami, tsiron nan mai farin fure da ke fitowa kan juji, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro. Na ce na ji, zan isar da saƙo.

Mako guda na bi maganar Bawa sau da ƙafa. Agogo ya nuna an ɗan samu ci gaba, amma ba irin wanda mai jakai yake faɗa ba. Nan ne ilimin lakwal, wato boko, ya motsa mini. Na zauna na yi nazari irin na masu karatu. Likitan Nasara in zai ba ka kinin, ba ya cewa yatsa biyu, awo yake yi, kuma ya ce safe da rana da maraice, kada a tsallake. Bawa mutumin kirki ne, maganinsa ma mai kyau ne, amma bai shiga aji ba, bai san tsari ba. Abin da garin nan ya rasa kawai shi ne mai ilimin da zai ɗora shi kan ƙa'ida, ga shi kuwa Allah ya kawo ni. Na ɗauko ƙaramin cokalin da nake motsa kafe, wato kofi, da shi, na yanke wa kaina rabinsa sau uku a rana, ƙarfe bakwai, ƙarfe goma sha biyu, ƙarfe shida (har takarda na rubuta na ɓoye cikin aljihu, don kada in yi wa kimiyya kuskure).

Kwana biyu da farawa bakina ya bushe ƙamas. Tuwo ya ƙi wucewa sai na kora kowace loma da ruwa. In na zaga bayan gida yin fitsari sai in daɗe a tsugune kamar mai jiran baƙo. Zuciyata tana bugawa da sauri ko ina zaune, hasken rana yana sukar idona, rubutu kuma ya fara yi mini hazo, har sai na nesanta takarda kafin in gane abin da ke ciki. Duk wannan na ɗauke shi alamar magani yana aiki. Uwa uba, abin da aka sha maganin dominsa ya kwanta gaba ɗaya. Na je neman a rage wa doki gudu, aka ba ni wanda ba ya tashi daga turke. Da na kwanta sai barci mai nauyi, Kulu ta ce wani lokaci ina surutai ina shafa bango.

Ita dai tana lura da ni. Ta ƙara yawan ruwan da take ajiye mini, ta mayar da tuwon dare kunu ba tare da na roƙa ba. Rana ta biyar da safe, ina ɗaura agogo zan fita, ta durƙusa bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ina son ka bar ni in tahi ganin gida. Ina son ganin Kaka."

Na ce, "Lahiya dai?"

Ta ce, "Lahiya lau. Kwana kaɗan za ni yi."

Na ce ta gai da su. Na faɗe shi da muryar biro, kamar wanda aka nemi ya sa hannu a takarda. A raina na gama yanke hukunci: ta gaji, ta yi haƙuri da gaggawa, yanzu kuma an kai ga babu, wannan ganin gida yaji ne da aka yi wa ado. Ranar kasuwa ta bi matan Matankari ta tafi, gidan ya yi mini faɗi. Mai hankali da nan ya zubar da garin. Ni kuwa na ce jikina ne bai gama sabawa ba, kuma likita ya ce ba a yanke magani a tsakiya.

Bayan kwana uku Kumandan ya ce mu shirya rangadi, kuma cikin garuruwan da za mu tsaya har da garin su Kulu. Maganar rumbun tsimi za a yi, wato hatsin da Nasara suka tilasta kowane gari ya ajiye saboda shekarar yunwa, ba a buɗewa sai da izini. Mutane ba sa son dokar, don haka aka rubuto dogon bayani a takarda, ni zan karanta in fassara. Na yi murna. Na ce zan shiga garin surukaina cikin mota, da kakina da agogona, kowa ya ga wanda 'yarsu ta aura, in dawo da matata.

Da asubar tafiya na tsaya da cokali a hannu ina tunani. Ƙarfe goma sha biyu za ta same mu gaban jama'a, ba inda zan ɓuya in sha na rana. Tsallakewa kuma ba ta cikin ƙa'ida. Sai na haɗa na safe da na rana na shanye, na ɗan ƙara kaɗan a kai saboda nisan hanya.

Mun isa da hantsi. An share gindin wata babbar tsamiya, dattawa sun zauna kan tabarmi, surukina yana sahun gaba da farin rawaninsa. Mata suna can baya jikin danga, na san Kulu tana cikinsu ko da ban ɗaga ido ba. Aka kafa wa Kumandan kujerarsa mai naɗewa, gardi biyu, wato dogaran Nasara, suka tsaya bayansa, ni kuma na tsaya gefensa na buɗe takarda.

Babu rubutu a jikinta. Akwai dai wasu baƙaƙen abubuwa, amma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Na nesanta ta iyakar tsawon hannuna, na matso da ita, na juya ta. Na buɗe baki in yi gaisuwa, harshena ya manne a dasashi, abin da ya fito bai yi kama da Hausa ba bare Faransanci. Kumandan ya dube ni ya ce in fara. Na ce to. Na sake duban takardar, sai na ga baƙaƙen abubuwan nan tururuwa ne, kuma sun fara sauka daga takardar suna bin hannuna.

Daga nan labarin ya koma hannun mutanen garin. Sun ce na kakkaɓe takardar a hankali, na ajiye ta ƙasa, na ɗora mata takalmina ɗaya don kada ta gudu. Sun ce na durƙusa gaban Kumandan cikin ladabi na shiga tsince masa tururuwa daga gwiwa, ɗaya bayan ɗaya, ina jefarwa, ina ba shi haƙuri. Shi kuma mamaki ya hana shi janye ƙafar. Da na gama sai na ce zafi ya yi yawa, na cire rigar kaki na ninke ta da kyau na miƙa wa wanda ya fi kusa da ni ya riƙe mini. Wanda ya fi kusa da ni surukina ne. Ya karɓa (me zai yi?), ya riƙe ta da hannu biyu yana kallon ƙasa.

To ka san Arewar Dogon Dutsi, ƙasar bori ce. Ba a ganin mutum yana magana da abin da ba a gani a tsaya dogon bincike. Nan take aka fara raɗa cewa iska ce ta hau Mushe. Wani ya ce Doguwa ce, aljanar tsamiyar, an kafa kujerar Nasara a inuwarta ba a nemi izini ba. Wani ya tashi da sauri kiran mai gogen bori. Kumandan kuma ya miƙe yana tambayar gardi ko giya na sha, gardin yana rantsuwa bai taɓa ganina da ita ba. Ina cikin kwance maɓallin wando aka ce wata tsohuwa ta ratso taron da sandarta.

Kaka Ige ce, kakar Kulu ta wajen uba, tsohuwar 'yar bori da duk yankin ake kai wa wanda iska ta taɓa. Cikin dukkan dangin matata ita kaɗai ce babu kunya tsakanina da ita, don mijin jika abokin wasan kaka ne, tun ranar aure take kirana angonta. Wannan ɓangaren ina tuna shi sarai, domin hannunta mai sanyi ne. Ta kama haɓata, ta ɗaga fatar idona, ta shafa goshina da wuyana, ta sa yatsa ta taɓa harshena. Sannan ta juya wajen jama'a, ta yi magana da muryar da ta saba kai wa ƙarshen fage.

"Ku ce ma mai goge shi koma gida. Wanga ba iska ba ta. Na yi shekara hamsin ina ganin iskoki, ban taɓa ganin wadda ta hana mutum zuhwa cikin wagga rana ba. Ku dibi ƙwayar idonai ta buɗe kamar ta mussa cikin duhu. Zakami na. Garin maganin wanzamai na yas sha, wanda aka ba angwaye masu gaggawar sauka. An ce mai yatsa biyu, shi kau da ganin idon nan da ludayi yaɗ ɗiba."

Kumandan, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba, ya juyo wajen mutum ɗaya tak da aka ɗauka aiki don irin wannan lokaci, ya ce, "Me ta ce?"

Hankalina ba ya jikina, amma horon biro yana nan daram. Na miƙe tsaye, ba riga, takalmi ƙafa ɗaya, na haɗe dugadugai, na mayar masa da maganar Kaka Ige cikin Faransanci tun daga mai goge har ludayi. Da na zo kan angwaye masu gaggawar sauka na ga kamar bai gane ba, sai na yi masa ƙarin bayani dalla-dalla. Na kuma gyara kuskure ɗaya da na ga tsohuwar ta yi: na ce ba ludayi ba ne, rabin cokalin kafe ne, sau uku a rana. Sannan, da yake doka ta ce duk abin da aka faɗa da harshe ɗaya a mayar da shi ɗayan, na juya wajen dattawa na maimaita musu gyaran da ƙarin bayanin da Hausa. Gardin da ya ɗan ji Faransanci ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa jin na yi fassara mai tsabta irin ta ranar ba.

An ce Kumandan ya ciro hankici ya rufe baki, ya daɗe yana kallon rassan tsamiya, sannan ya ce an ɗage taro. An ce surukina ya ajiye rigata kan tabarma, ya ja rawani ya rufe fuska har ido, ya tashi ya tafi bai waiwaya ba. Ba wanda ya yi dariya a wurin, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Sai da aka watse, aka shiga gidaje, sannan garin ya ɗauka.

Kwana biyu na yi a ɗakin Kaka Ige. Ta rufe ƙofa da asabari saboda idona, tana ɗura mini ruwan tsamiya da nono mai tsami, tana shafa mini jiƙaƙƙen tsumma. Da hankalina ya dawo, abin da na yi ya dinga dawo mini guntu-guntu, kowane guntu ya fi na baya muni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce mata, "Kaka, ai da kin ja ni gefe. Mi yas sa kinka hwaɗi gaban mutane?"

Tana tsinkar zogale a faifai, ba ta daina ba. Ta ce, "Angona, da na yi shiru, da yanzu ana kiɗa maka goge an yanka baƙar akuya. Nasara shi ce mashayi na ko mahaukaci, shi kore ka. Ɗana kau shi ce ba ya barin ɗiyatai hannun mai taɓin iska. Na duba na ga cikin ukun nan kunya ta hi sauƙi, ita naz zaɓa maka. Ba ta kisa." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma cokalin kahwe, wannan kai kak kawo abinka, ba ni ba."

Ita ce ta gaya mini abin da ya kawo Kulu gida. Ba yaji ta yi ba. Ta zo ne ta kwatanta wa kakarta yadda bakina yake bushewa, da yadda nake shafa bango, da yadda idona ya sauya, tana kuka tana tambaya ko wani ne ya yi mini sammu a biro. Tun kafin motarmu ta iso tsohuwar ta riga ta san abin da za ta gani.

Rana ta uku da la'asar Kulu ta shigo da ƙwaryar fura. Ta ajiye, ta zauna nesa kaɗan tana kallon ƙofa. Daga ƙarshe na ce mata saboda ita na sha, don kada ta gaji da ni ta tafi.

Ta ce, "Wa yac ce maka na gaji?"

Na ce ba kowa.

Ta ce, "Ni ban san ana aunawa ba. Ban taɓa auren wani ba balle in gwada." Ta ja bakin zanenta tana murzawa. "Abin da ad damuwata guda na. Kullum sai ka ɗaga kai ka dubi agogon nan, sannan ka juya ma bango, ko ka hita wurin doki. Sai na ɗauka ni ma lokaci ka yanka min, kamar masu zuwa biro, in nasu ya cika a ce su tashi. Ni kau lokacin nan nike son ka yi min magana."

Na yi fassarar shari'u, na isar da labarin mutuwa ga iyaye, amma ban taɓa jin maganar da ta zaunar da ni irin wannan ba. Wata da watanni ina fama da ciwon da na ƙirƙira wa kaina, alhali wanda nake ji mata yana gabana ban gani ba. Na ji tausayinta, na ji haushin kaina. Na kwance agogon daga hannuna na miƙa mata, na ce ta ajiye, ta riƙa ba ni da safe in zan fita aiki. Ta karɓa ta ɗora kan faifan da ta rufo ƙwaryar da shi, ta ce in sha furar kafin ta tsinke.

Ba zan yi maka ƙarya in ce daga ranar gaggawar ta tafi ba. Ta daɗe tare da ni, tana raguwa sannu a hankali, kuma na lura ta fi raguwa tun da na daina jin tsoronta. Wani likita ɗan ƙasarmu da muka saba daga baya ya ce mini abu ne da yake samun maza da yawa, musamman sababbin aure, kuma fargaba tana ƙara shi. Idona kuwa sai da ya yi kusan mako biyu kafin in iya karanta takarda ba tare da na miƙe hannu ba. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma ni a wajena ba karin magana ba ne.

Aikina bai tafi ba. Kumandan bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai duk ranar da za mu fita rangadi yakan dubi idona ɗan lokaci kafin ya shiga mota. Surukina kuwa har ya koma ga Allah ba mu taɓa haɗa ido ba, nan na gane amfanin kunyar surukai: shi ba shi da bakin tambaya, ni ba ni da bakin bayani. Bawa wanzami da labari ya kai masa ya ce in gai da abokina. A garin su Kulu har yau in an ce Mushe ba kowa zai gane ba, amma ka ce Mai Cokali, yaran da ba a haifi iyayensu ba a lokacin za su nuna maka gidan da na yi aure.

Kulu ta rasu shekarun baya, bayan mun ga jikoki tare. Da ake raba kayanta aka samu agogon a ƙasan wata tasa, naɗe cikin tsumma, ya daɗe da tsayawa. Jikana ya ce zai kai a gyara, na ce ya bar shi yadda yake.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na saye shi da tsada, don haka nake raba shi kyauta. In damuwa ta mutum biyu ce, kafin ka kai ta rumfar wanzami ka fara tambayar na biyun, mai yiwuwa ba inda kake tsammani take yi masa ciwo ba. In kuma ka riga ka je, wanda bai shiga aji ba ya ce maka yatsa biyu, to ka bar cokali ya yi aikin kafe.